Kwalekwalen da Ba Shi da Rasit

Ku matso ku saurara da kyau, domin idan na kai ƙarshen maganar nan, hukuncin yana hannunku.

A wata jiha da babban kogi ya ratsa, akwai ƙauye a kan tsibiri, asibiti kuwa yana can ƙetare. A ƙauyen akwai wani masassaƙin turmi, sunansa Baba Jatau. Shekara talatin da suka wuce matarsa ta rasu a bakin ruwa wajen haihuwar 'yarsu ta uku, ana jiran jirgin da bai iso ba. Bayan sadakar arba'in ya shiga daji, ya sare maɗaci, ya sassaƙa kwalekwale da hannunsa. Tun daga ranar babu mai naƙudar da ta sake jira a gaɓar nan. Shi yake ƙetarar da su, bai taɓa karɓar ko sisi ba.

Bayan wani hatsarin jirgi da ya ci rayuka, majalisar dokokin jihar ta yi doka cewa kowane jirgin ruwa sai an duba lafiyarsa, an yi masa rajista, an rubuta masa lamba. Ta kuma ƙirƙiro wani tambari na musamman da ake mannawa a goshin jirgi, kuɗinsa ya tafi ga ƙungiyar da mai jirgin ya zaɓa ya tallafa wa. Niyyar dokar mai kyau ce. Amma waɗanda suka tsara ta ba su taɓa jiƙa ƙafarsu a mashigi ba, don haka suka rubuta cewa ba a rajista sai da rasit ɗin saye.

Ma'aikata suka zo tsibirin. Babbansu ya ce, "Baba, ina rasit?"

"Na mene ne, ɗana?"

"Na wanda ya sayar maka."

Baba Jatau ya ce, "To sai dai ka tambayi maɗacin. Kututturensa yana nan a dajin gabas, sai ka yi haƙuri da shi, ba shi da yawan magana."

Suka yi dariya, amma dariyar ba ta hana su janye kwalekwalen ba. Suka kai shi ƙetare, suka kifa shi a harabar ofis, a tsakiyar zafin bazara. Tsoho ya koma bakin ruwa ya zauna, abinci ma sai an lallashe shi. A wata ukun da suka biyo baya mata biyu suka haihu a gaɓa, ɗaya ta koma gida ba jariri a hannunta.

'Ya'yansa uku ne, dukkansu mata.

Babbar, Tasalla, ta tashi a gindin gizagon mahaifinta, ta san abin da ma'aikatan ba su sani ba: kwalekwalen sassaƙa idan ya rabu da ruwa ya sha rana, tsagewa yake yi, kuma tsagar ba ta ɗinkuwa. Ta bar yaranta wajen surukarta, ta tare a ƙetare. Safe, rana da yamma tana ɗauko ruwa a ka daga kogi, tana kwarara wa kwalekwalen, tana lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Wuyanta ya sage, tafin ƙafarta ya yi faso, ba ta tsallake ko yini ɗaya ba. Maigadin ofishin ya ce mata, "Baiwar Allah, kina ta ban-ruwa, ko 'ya'ya kike jira ya yi?" Ta ce, "Ai ya riga ya yi, malam. Rabin yaran tsibirinmu nasa ne."

Ta tsakiyar, Hurera, malamar makaranta ce. Ta nemo dokar ta karanta ta sashe-sashe, ta rubuta koke, ta nufi babban birnin jihar. Sau huɗu ana mayar da ita daga ƙofa, ana ce mata ta turo namiji. A zuwa na biyar ta samu shiga zaman jin ra'ayin jama'a, aka ba ta minti uku. Ta ce, "Ranku ya daɗe, kun yi dokar nan don kada ruwa ya ci mutane. Mu kuma ga shi tudu yana cin mu. Wanda ya sayi jirgi kun san da zamansa, wanda ya sassaƙa da guminsa kun mai da shi ɓarawon abinsa." Aka gyara sashen, shaidar sarkin ruwa ta maye gurbin rasit. Sai dai aka gindaya sharaɗi: kwalekwalen sassaƙa ba zai ɗauki mutane ba sai yana ɗauke da tambarin wata ƙungiya mai rajista da ta tsaya masa. Ƙungiyar masu jiragen inji kuwa ta ce ba ruwanta da gungume.

Autar, Lantana, wadda aka haifa a gaɓar da uwarsu ta cika, ungozoma ce. Da ta ji babu ƙungiyar da za ta tsaya musu, ta ce to za a kafa. Ta bi gida-gida tana neman duk macen da kwalekwalen ya taɓa ƙetararwa, har waɗanda aure ya kai wasu garuruwa. Wani magidanci ya tare ta a zaure ya ce matarsa ba ta dangwala wa gwamnati yatsa. Ta ce, "Kawu, wancan yaron da ke bayanka yana cin gyaɗa, a hannuna aka haife shi cikin kwalekwalen, a tsakiyar kogi. Tambaye shi ko ya yarda." Mata ɗari biyu da goma sha huɗu suka dangwala. Aka yi wa Ƙungiyar Iyayen Tsibiri rajista, aka buga tambarinta da hoton majanyi, kuɗinsa kuma aka ware shi don sayen rigunan ruwa masu hana nutsewa.

Ranar da aka mayar da kwalekwalen kogi, ko ɗigo bai shiga cikinsa ba. Baba Jatau ya shafa gefensa tun daga goshi har wutsiya. Ya ɗauki filafilin tuƙi, sai ya ji ya yi masa nauyi, ya ajiye. Wata ukun nan sun cinye sauran ƙarfinsa.

Ma'aikacin rajista ya buɗe takarda ya ce, "Baba, layin mai jirgi ɗaya ne, suna ɗaya yake ɗauka. Wanda aka rubuta, shi doka ta sani."

Tsoho ya ce, "Ni na gama tuƙi. Rubuta 'yata."

"Wacce?"

Hurera ta ce, "Rubuta Yaya Tasalla. Da ba don ita ba, itacen girki za mu yi wa rajista."

Tasalla ta ce, "Rufa mini asiri. Da Hurera ba ta yi magana ba, da har yau ina can ina yi wa gungume wanka."

Su biyun suka juya ga Lantana. Ta girgiza kai ta ce, "Ni tambari kawai na kawo, kuma tambari ba ya iyo."

Baba Jatau ya dube su ɗaya bayan ɗaya, hawaye suna bin gemunsa, ya kasa zaɓa. Ma'aikaci yana tsaye da biro a hannu, can a kan tudu kuma ga wata mai tsohon ciki ana riƙe da ita, ana gangarowa da ita a hankali.

To, jama'a, layi ɗaya ne. Tsakanin wadda ta hana shi tsagewa, da wadda ta sa aka gyara doka, da wadda ta samo masa masu tsaya masa, sunan wace ce ya fi cancanta a rubuta?