Manomin da Aka Kai Hutu Bakin Teku da Damina

Kai, Bilhatu, a ƙarshe dai an ba ni! Malama Afiniki ta tsayar da ni bayan mun tashi daga koyon waƙa, ta ce ran Lahadi ni zan ba 'yan ƙaramin aji misali a coci, ita za ta zauna a baya ta ji. Tun bara fa nake roƙo. Ajiye tsintsiyar nan ki zauna, ki zama ke ce yaran, in gwada a kanki. In na cika sauri ki ɗaga hannu, kin san bakina.

Akwai wani mutum manomi, yana da gonar gero a bayan gari, yana kuma da 'ya guda da ta tafi ƙasar Italiya aikin jinya. Ta daɗe can, har yaran da aka haifa bayan tafiyarta sun fara zuwa makaranta. Kowace shekara sai ta ce za ta zo gida, kowace shekara aiki ya hana ta. Ana nan sai ta aiko ta ce, tunda ita ba ta samu zuwa ba, to shi ya je. Ta yi masa takardu, ta tattara hutunta duka wuri guda, ta ce za ta kai shi ƙauyukan bakin teku su zauna tare, ta ga mahaifinta ta ƙoshi. Abin da take so ke nan, ba wani abu ba.

To, ga inda gizo yake saƙar. Mutanen can da zafinsu suke hutu, zafinsu kuwa shi ne tsakiyar daminarmu. An gama noman farko, ana shirin maimai, gero ya kai gwiwa. Mutumin ya ce shi bai taɓa jin inda mai hankali ya tafi hutu da damina ba. 'Yar ta ce lokacin ne kaɗai wurin aikinta suke sakin ta. Ƙanensa ya ce ya tafi abinsa, shi zai riƙe gonar kamar tasa. Sai ya tafi. Amma gangar jikinsa ce kawai ta hau jirgin, zuciyar tana can tsakiyar gero.

Da suka isa bakin teku, ga ƙauyuka a manne jikin duwatsu, gida a kan gida, wannan ja, wancan ruwan ɗorawa, na samansa ruwan hoda, kamar an zuba alewa a faranti. Ga shanya daga taga zuwa taga, ga kwalekwale an ja su har ƙofar gida, ga lemo yana reto ta kan katanga, ga ruwa shuɗi har inda ido ya ƙare. Kowa ya sauka sai ya tsaya yana kallon ruwan. Shi kuwa mutumin nan sama ya ɗaga kai ya duba, don haka ya saba tun yana yaro. Ya ga sama fayau, ko ɗigon gajimare babu. Gabansa ya faɗi.

'Yar ta yi masa bayani, ta ce Baba nan ba yanzu ne lokacin ruwansu ba, haka samansu take kowace shekara. Kunnensa ya ji, amma cikinsa bai yarda ba. Duk rayuwarsa, sama irin wannan a wannan wata yunwa take nufi. Ya ga mutane kwance a bakin ruwa ƙarƙashin laima, suna shafa mai suna murna wai rana ta fito da kyau, sai ya girgiza kai ya ce waɗannan ko tausayin manoma ba sa ji. Ya nemi waya ya kira ƙanensa. Ƙanen ya ce gaskiya an kwana biyu ba a yi ruwa ba, gero ya fara naɗe ganye da rana, amma ya kwantar da hankalinsa. Wa ya ce a faɗa masa haka? Daga ranar zama ya ƙare.

Ƙauyukan nan sai ya mai da su aikin gona. In sun shiga ɗaya, kafin 'yar ta gama nuna masa tsohuwar cocin da ke kan tudu, ya riga ya yi gaba yana cewa wannan sun gama, saura nawa? Ta saya masa soyayyen kifi, ya ci a tsaye. Ta saya masa askirim, ya narke ya bi gwiwar hannunsa, don yana can ya ɗaga waya sama yana neman inda magana za ta fita. Ta shigar da shi kwalekwale aka kai su wani kogon dutse da ruwan ciki yake haske kamar an kunna fitila a ƙasansa, kowa ya yi tsit don mamaki, sai muryar mutumin nan aka ji yana tambaya wai ina ne gabas a nan, ya duba ko hadari ya taso.

Sau da yawa 'yar takan fara, “Baba, akwai maganar da nake so mu yi,” sai ya ce to, to, bari ya ji daga gida tukuna. Ta fara a jirgin ƙasa, ta fara a bakin ruwa, ta fara a wurin cin abinci. Daga baya ta daina farawa. Tana binsa a baya kawai, riƙe da hularsa da gorar ruwa, hutun da ta tara kuwa yana ta ƙarewa.

Sai ya zama sun zo ƙauye na ƙarshe, wanda daga shi sai komawa birni, daga birni sai gida. 'Yar ta zaunar da shi a wani benci kusa da inda jirgin ruwa yake tsayawa, ta ce ya jira ta nan, za ta karɓo musu tikitin jirgin yamma, don Allah kada ya motsa. Ya ce to. Ta juya baya ke nan, ƙafarsa ta fara rawa. Ya tashi, ya ce bari ya ɗan hau sama ko waya za ta fi kamawa. Ya bi matakala tsakanin gidaje, ya hau, ya hau, har gidaje suka ƙare, ya fito wurin da aka sassare dutse hawa-hawa aka yi 'yan lambuna.

Nan ya ga wani lambu mai gajeren shinge. Ga inabi an ɗaga shi a kan sanduna da kyau, amma ƙasansa duk wani ɗan ƙaramin ganye ya mamaye, ya bi tsakanin duwatsu, ya rufe ƙasa ruf. A ƙofar ɗakin da ke gefe ya ga takalmin tsohuwa guda biyu, ba na namiji ko ɗaya. Ya ce a ransa, wayyo, gwauruwa ce, ciyawa ta fi ƙarfinta. A garinsu kuwa in ka wuce gonar tsohuwa ka ga ciyawa ta ci ta, ba ka neman izini. Sunkuyawa kake yi ka taimaka, in ta zo ta sa maka albarka. Sai ya naɗe hannun riga, ya tsallake shingen, ya duƙa.

Bilhatu, ya yi aiki! Yana tugewa yana karkaɗe ƙasa yana tarawa gefe. Ya ji wani ƙamshi yana tashi a hannunsa, bai kula ba. Tun da ya sauka ƙasar nan bai ji numfashinsa ya daidaita ba sai lokacin, har ya fara waƙar coci ƙasa-ƙasa.

Ya ci rabin lambun ke nan sai ga tsohuwa ta fito cikin baƙar riga. Ta tsaya, ta ɗora hannu biyu a ka, ta fara zuba magana da yarensu. Mutumin ya ɗauka godiya ce. Ya yi murmushi ya ce, “Ba komai, Iya, ai yi wa kai ne,” ya ƙara tuge wani babban tushe ya ɗaga mata ta gani. Tsohuwa ta juya ta ɗauko tsintsiya mai dogon sanda.

Allah ya taimake shi, daidai nan 'yarsa ta iso tana haki. Ta duba benci ba ya nan, ta bi bakin ruwa tana leƙawa ko ya faɗa, sai hayaniyar ce ta jawo ta sama. Ta shiga tsakani tana ba tsohuwa haƙuri. Da ta gama saurare, ta juyo ta faɗa wa mahaifinta cewa abin da ya tuge ba ciyawa ba ne. Ganyen miya ne, marigayi mijin tsohuwar ne ya dasa shi da hannunsa, shekara da shekaru tana lallaɓa shi, duk unguwar wurinta suke zuwa ɗiba.

Mutumin ya dubi tulin da ya tara, ya dubi hannunsa, kunya ta rufe shi. Ya ce a gaya mata zai mayar, yanzu-yanzu zai sake dasawa. Tsohuwa ta ce da wannan rana saiwar da aka tsinka ba za ta kama ba. Abin da ya rage kawai a ɗaure shi ƙunshi-ƙunshi a rataye a inuwa ya bushe, kafin rana ta ƙone shi a yi asara biyu. Ta shiga ɗaki ta fito da zare da 'yan kujeru biyu, ta dangwarar da su ƙarƙashin bishiyar lemo, ta nuna masa ɗaya da yatsa.

“Me ta ce?” in ji shi.

“Ta ce wanda ya tuge shi zai ɗaure, kuma ba mai tashi sai an gama.”

Suka zauna. Can ƙasa jirgin yamma ya yi ƙugi. Mutumin ya yunƙura zai miƙe, tsohuwa ta dube shi ta saman tabarau, ya koma ya zauna. Suna kallo jirgin ya ja ruwa ya tafi.

Yana haɗa ganye, 'yar tana miƙo zare. Da yake babu inda za shi, babu kuma abin kallo sai abin da ke gabansa, sai idonsa ya sauka kan hannun da ke miƙo masa zaren. Ya ga ya rame. Ya ɗaga kai ya ga wuyanta ma haka, ya ga furfura biyu-uku a gefen ɗankwalinta. Duk yawon nan da suka yi tare bai ga wannan ba. Ya ce, “Ke, lafiyarki kuwa?”

Ta miƙo masa wani zaren. Sannan ta ce, “Baba, tun da ka zo kullum kana tambayar lafiyar gero. Yau ne ka tambayi tawa.”

Sai ta gaya masa. Da sanyin da ya wuce ta kwanta ciwo, har aka yi mata aiki, ita kaɗai, ba ta faɗa wa kowa a gida ba don kada hankali ya tashi. Ta warke, an gode Allah. Amma ranar da za a shiga da ita ta ji tsoro ƙwarai, ta yi alkawari a ranta in ta tashi sai ta zauna da mahaifinta, ko da wuni ɗaya ne. Dalilin takardun ke nan, da jirgin, da ƙauyukan nan duka.

Zaren ya faɗi daga hannun mutumin. Ya matso da kujerarsa kusa da ita. Da ya buɗe baki, sai ya kira ta da sunan da yake kiranta tana goye, ya ce, “Faro mini daga farko. Ba inda za ni.” Ta faro. Tsohuwa ta kawo musu ruwan lemo da burodi ta ajiye, fuska a ɗaure har yanzu, ta koma ta bar su.

Na san wani yaro zai ɗaga hannu ya ce, to an yi ruwan a gida? Zan ce misalin bai faɗa ba, don shi ma mutumin ranar bai tambaya ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, manomin nan mu ne. Ubangiji yana kiranmu mu zo kusa da shi mu zauna, ya ma ware mana rana guda don haka, amma sai mu kawo masa jiki mu bar zuciya a wani wuri. Kai da kake zaune nan kana jin ƙarar ƙwallo ta taga, da ke da kike addu'a da gudu don ki riga kowa fita, ku ne kuke cewa wannan mun gama, saura nawa. Damuwar mutumin nan ba ƙarya ba ce, gero yana bukatar ruwa da gaske. Amma duk kallon saman da ya yi daga wata ƙasa bai sauko da ɗigo ɗaya a gonarsa ba, don ruwa ba a hannunsa yake ba, a hannun Allah yake. Abin da aka sa a hannunsa shi ne 'yarsa da ke gefensa, ita ce kuma ya kusa dawowa bai gani ba. Ku lura kuma, da kyakkyawar niyya ya tuge ganyen tsohuwa. Wanda ya kasa natsuwa, ko alheri ya tashi yi, sai ya yi ɓarna, don ba ya tsayawa ya tambaya. Wani lokaci kuma Allah, saboda ƙaunarsa, yakan dangwara mana kujera ta hanyar da ba ma so, ko kunya, ko zazzaɓi, ko mota ta tafi ta bar mu, don mu zauna mu ji abin da ya daɗe yana so ya faɗa mana. Kada ku jira sai an ɗauko muku tsintsiya. Yau in kun koma gida, kafin ku cire kayan coci ku ruga waje, ku zauna kusa da Mama ko Baba ko Kaka, ku dubi fuskarsu da kyau, ku tambayi lafiyarsu, ku kuma tsaya har ku ji amsar.

Nan zan ce mu rufe ido mu yi addu'a. Ya yi? Ba ki ɗaga hannu ba ko sau ɗaya.

Amma Bilhatu, don girman Allah kada ki faɗa wa kowa tukuna, ko Mamanku. Kin san ƙunshin busasshen ganyen nan da ke rataye a ɗakin Kakanmu, wanda ya hana kowa taɓawa ya ce maganin sauro ne? To daga lambun tsohuwar nan ya zo da shi, kuma ban nemi izininsa in ba da labarin ba tukuna. Gobe zan kai masa kunu in zauna in lallaɓa shi. In ya fara ji daga bakin wani, na shiga uku. Riƙe mini bakinki zuwa gobe kawai, kin ji?