Dalilin da Ya Sa Ba a Rufe Tukunyar Kuɓewa

Dalilin da ya sa miyar kuɓewa take yauƙi, kuma yauƙin yake mutuwa in an rufe tukunya, ya samo asali ne daga wata mata mai suna Tarana. Ku matso kusa da murhu ku ji, amma kada wanda ya taɓa mini marfin nan.

A da can, miyar kuɓewa tsararo ce kamar ruwan wanke hannu. In ka tsoma loma, sai ka ɗago ta yadda ta shiga. Mutane suna ci ne kawai don babu wata.

Tarana ta fara ganin Cindo a bakin kogi, wata ranar kasuwa. Shi masunci ne, yakan kuma ƙetarar da mutane a kwalekwalensa. Ta shigo da kwandon kuɓewa a ka. Suna tsakiyar ruwa jirgin ya karkata, kwandon ya kife. Cindo ya ajiye sandar tuƙi, ya bi kuɓewar nan yana tsamowa ɗaya bayan ɗaya, fasinjoji suna ta yi masa tsiya.

Da ya miƙa mata ta ƙarshe ya ce, "Ki ƙirga, 'yammata. In da wadda ta ɓace in koma."

Tarana ta karɓa ta sa a kwando. Amma wannan ta ƙarshen ba ta sayar ba. Ta bar ta ta bushe, ta cire irin, ta shuka a bayan ɗaki.

Bayan shekara aka yi aurensu. Cindo mutum ne mai surutu, Tarana kuwa magana tana yi mata nauyi. Ko sunansa ba ta faɗa, kamar yadda matan kirki suke yi. Duk shekara in sanyi ya shigo, suna jin ɗumi, yakan tambaye ta, "Za ki zauna da ni har tsufa?"

Ita kuma takan ce, "Tuwonka na hucewa."

Haka suka yi shekara bakwai.

A ta takwas aka yi ɗarin da ba a taɓa gani ba. Wata safiya tarunsa ya maƙale a ƙasan ruwa, Cindo ya shiga ya ciro shi. Kafin azahar zazzaɓi ya kwantar da shi, maƙogwaronsa ya kumbura. Tuwo ba ya wucewa. Tarana ta yi masa farfesun kifi da citta da masoro, ya sha romon cokali biyu, naman ya tsaya masa a wuya. Kwana biyar babu abin da ya shiga cikinsa sai ruwa.

Maƙwabciyarsu Inna Yalwa, tsohuwa mai yawan ba'a, ta leƙo ta dube shi, ba ta yi ba'ar ba. Ta ja Tarana gefe ta ce, "Zazzaɓin nan zai tafi. Yunwa ce za ta kashe shi. In bai haɗiyi tuwo yau ko gobe ba, ki aika a gaya wa danginsa."

Da hantsi Cindo ya yafito ta. Muryarsa ta dushe. Ya ce, "Yau ba ni da tuwon da zai huce. Za ki zauna?"

Tarana ta dubi ƙasa. Ta ce, "Na bar miya a wuta." Ta fita.

A madafa ta kaɗa busasshiyar kuɓewa da daddawa da barkono da ɗan kifi banda, ta rufe tukunyar, ta zauna ta haɗa kai da gwiwa. Sai marfin ya soma rawa. Daga ciki aka ce, "Buɗe ni, kin toshe mini numfashi."

Ta buɗe. Kuɓewa ce take magana.

Kuɓewa ta ce, "Na san ki. Kakata ce mijinki ya tsamo daga kogi. Shekara takwas kina ajiye irinmu a ƙullin zane, ko ɓera ba ki bari ya kusance mu. Shi ya sani?"

"Ba a faɗin irin wannan," in ji Tarana.

"To, a binne shi bai sani ba."

Tarana ta ce, "Ke da ko loma ba ki iya riƙewa, ke ce za ki yi mini faɗa?"

Kuɓewa ta ce, "A ina zan koya? A gidan nan na girma, ban taɓa jin an ce wa wani za a riƙe shi ba. Faɗa in ji yadda ake yi. Abin da kika riƙe da baki, ni zan riƙe shi a tukunya. Zan lulluɓe loma in raka ta har ciki."

Tarana ta waiga, babu kowa. Ta sunkuya cikin tururi ta raɗa maganar. Da ta ɗaga maburgi sai ga wani siririn zare ya biyo shi.

Daidai nan Inna Yalwa ta yi sallama. "Ke da wa kike hira, da tukunya?"

Kunya ta kama Tarana, ta yi maza ta kifa marfi. Da ta sake buɗewa, zaren ya tafi, miya ta koma ruwa.

Kuɓewa ta ce, "Kin rufe, na saki. Ni ba na aikin ɓoye. Ki kai ni gabansa a buɗe, ki faɗa wa mai maganar maganarsa."

Inna Yalwa ta riƙe haɓa. "Lallai na tsufa. Yau miya ce take koya wa mace zaman aure."

Tarana ta sauke tukunyar da tsumma, ta bar marfin a bakin murhu. Ta ratsa tsakar gida tururi yana dukan fuskarta, tsohuwar tana biye da akushin tuwo. Tarana ta durƙusa gaban gadon Cindo. Ta buɗe baki sau biyu ba abin da ya fito. A na uku ta faɗa, da ƙarfi, har Inna Yalwa ta toshe kunne tana dariya.

Sannan ta gutsuri ƙaramar loma ta tsoma. Miyar ta kama lomar, ta biyo hannunta, ta miƙe kamar igiya ba ta tsinke ba. Ta sa masa a baki. Kafin ya yi niyyar haɗiya, lomar ta sulale ta wuce. Ya ci bakwai, gumi ya karyo masa.

Abin da ya fara cewa shi ne, "Gishiri bai ji ba."

Ya warke. Sun tsufa tare, kuma bai ƙara yin tambayar nan ba.

Shi ya sa har gobe, a kowane gida, in an ɗora kuɓewa ana barin tukunyar a buɗe, wanda ya rufe kuwa ya sha tsararo. Shi ya sa kuma in kun ɗago loma miyar take bin hannunku, kuna juyawa tana ƙin rabuwa. Ba rashin ji ba ne. Tana maimaita abin da ta ji Tarana ta faɗa ne a ranar nan:

"Cindo, ina nan. Ba zan sake ka ba."