Haƙoran Ɗan Gafiya

Ga ta nan, ga ta nanku. Tasalla ƙanwata, da kina raye ke za ki amsa mini, ki ce ta zo mu ji ta.

Gafiya ce ta haifi 'ya'ya bakwai, shida suka mutu. Don tsananin so, ba ta barin ɗayan ya tauna abu mai tauri, kullum sai alewa da zuma.

Maƙwabciyarta Zomanya ta ce, "Yaya, ki riƙa ba shi yalo da karas da gyaɗa, ya kora da nono, kamar nawa. Zaƙin nan cin haƙori yake yi."

Gafiya ta ce, "Ke da kike da goma! Ni ɗaya gare ni, ba zan ga hawayensa ba."

Ran nan ta tafi kasuwa nemo masa alewa. Yara suka fita kiwo har da ɗan Gafiya, ragar maharbi ta rufta musu. 'Ya'yan Zomanya suka gwigwiye igiya suka fice.

Gafiya ta dawo ta tarar da autan Zomanya yana kuka. Ta ce, "Ina ɗana?"

"Inna, ya ciji igiyar, haƙorin ne ya marmashe. Mun juyo mu taimake shi, sai ga karnuka."

"Bai ce komai ba?"

"Cewa ya yi bakinsa na ciwo, a kira ki."

Gafiya ta zauna a bakin rami, hannunta a buɗe, har kiyashi suka cinye alewar.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ne ƙarshenta. Wannan tatsuniyar, Tasalla, har yau ban ba kowa ita ba.