Ɗan Wasan Da Ya Gyara Wa Direba Baki

Akwai wani ɗan wasan barkwanci da ake kira Sarkin Dariya. Ya daɗe yana harkar fim, kuma burinsa ɗaya ne: ya fito a matsayin alƙali a babban fim ɗin da darakta ke shiryawa. Ya gaji da fitowa a wawa.

Sai ga direban da ke kai su wurin ɗaukar fim. Bawan Allahn nan bai taɓa kawo karin magana daidai ba. Wata rana taya ta fashe a hanya, ya ce, "Ku yi haƙuri, komai nisan jifa gari zai waye." Darakta ya yi dariya har da hawaye, ya saka shi a fim ɗin barkwancin da ake ɗauka.

Fim ya fito, yara a titi suna ta maimaita kwaɓar Direba. Sarkin Dariya kuwa ko ambatonsa ba a yi. Abin ya tsaya masa a rai, hassada ta hana shi sakat.

Ya lura jarin mutumin nan kwaɓa ce kawai, in aka gyara bakin an gama da shi. Sai ya koma zama a gaban mota kullum, yana koya masa magana kamar mai ƙaunarsa. Direba ya karɓa da zuciya ɗaya, yana tuƙi yana hadda.

Ranar zaɓen wanda zai fito a alƙali, Direba ya shigo ofis kawo makulli. Darakta ya ce ya ɗan kwaɓa musu ɗaya su yi dariya. Sai ga magana tsaf, kowane karin magana a gurbinsa. Sarkin Dariya ya sunkuyar da kai yana murmushin mugunta.

Darakta ya ƙura wa Direba ido. Ga fuskar da jama'a ke so, ga baki ya gyaru. Nan take ya ce ya samu alƙalinsa.

Direba ya kama hannun malamin nasa da hannu biyu. "Yaya, duk aikinka ne. Allah Ya saka maka da irin abin da ka nufe ni da shi."

Kowa ya ce amin. Sarkin Dariya kaɗai ya kasa.

Darasi: Hassada ga mai rabo taki ce. Wanda ya tsaya rage wa wani, nasa yake zubarwa. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya gyara zuciyarsa.