Ƙasar da Aka Shafa wa Ja

Akwai wani mai gyaran waya a layinmu da muke kira Gwani. Hannunsa na da kyau, ba ya ha'inci, amma fa Allah ya zuba masa "na sani". Abin da ya ƙarasa shi wani wasan kwamfuta ne, wanda mutum ke riƙe ƙasa yana gina ta yana yaƙi. A wasan, kowace ƙasa an jefa ta a rukuni an shafa mata launi: mulkin jama'a shuɗi, na sarauta rawaya, na attajirai kore, na kama-karya ja. Shi ke nan, Gwani ya ɗauka ya haddace duniya. Ko labarai ake a rediyo sai ya ɗago daga kan teburinsa ya ce, "Wannan ai kore ce, kuɗi kawai suka sani."

Matarsa 'yar wata ƙasa ce, kuma a wasan ƙasarsu ja ce. Baiwar Allah kullum cikin kewar gida take. Takan ba shi labarin gadar da suke tsallakawa zuwa makaranta, da yadda dattawan unguwarsu ke tsare mai muƙami su gaya masa gaskiya, da goggonta da ta kai wani babba kotu ta kuma yi nasara.

"Ba zai yiwu ba," in ji shi. "Jar ƙasa ba ta da kotun kirki."

"Maigida, a can fa aka haife ni."

"To ai shi ya sa ba ki gani."

Kai, wannan magana ta ci mata rai.

Ana nan sai mahaifinta ya kwanta ciwo, ya aiko yana son ganin surukinsa. Ta roƙi Gwani har da hawaye. Ya murje ido ya ce a wasan duk jar ƙasa tawaye ne ƙarshenta, shi ba zai kai kansa mahalaka ba. Ta ɗauki jakarta ta tafi ita kaɗai.

Bayan rasuwar tsohon ta kira shi. "Baba ya yi ta tambayarka har ya cika. Ya sa an gyara maka ɗaki. Me ka so in ce masa a lokacin? In ce launi kake tsoro?" Ta ce ta gaji da zama da wanda bai yarda da idonta ba. Ba ta dawo ba.

Kwanan baya na leƙa shagonsa, na same shi ya rame, ya buɗe wasan ya zaɓi ƙasarta. Yana ta matso da taswirar kusa, yana ƙara matsowa.

"Me kake nema, Gwani?"

"Gadar nan da take faɗa," ya ce. "Wallahi ina kewarta. Ko layinsu ne in gani."

Na duba allon. Babu gada, babu layi, ja ne kawai daga wannan gefe zuwa wancan.

Darasin a nan shi ne, sanin sunan tsarin mulkin ƙasa ba sanin ƙasar ba ne. Rukuni na taimaka wa mai koyo, amma mutane ba sa shiga akwati. Idan wanda ya sha ruwan wuri yana ba ka labarinsa, ka yi shiru ka saurara tun yana kusa da kai.