Zoben da Ke Kan Harsashin Tanimu

A shekarar farin da ya cinye dabbobin ƙasar Nijar, lokacin mulkin soja, akwai wani mutum a unguwar Maourey ta birnin Yamai ana ce da shi Tanimu. Tsohon mai gadin gandun daji ne, kuma ya iya sake cika kwanson harsashi, ya zuba albarushi, ya danna sabon kai da ƙarfen matsi. Sai dai girman kai ya yi masa katutu. Ko tuntuɓe ya yi, dutsen zai zaga.

Ƙaninsa Mutari yana zaune a Bobiel, lokacin nan bakin daji ne. Cikin garkensa duka saniya ɗaya ta rage, da nononta ake dama wa 'ya'yansa kunu. Ga karnukan da suka saba da cin mushe sun fara zagaya ta da rana tsaka. Mutari yana da bindiga da takardar izini, amma harsashi ya yi wuya, don haka ya kai wa yayansa tsofaffin kwansuna.

Kawunan da Tanimu ya samo a wannan karo sun ɗan fi na da kauri. Da ya danna, suka ƙi shiga. Maimakon ya tsaya ya auna, sai ya hau ƙarfen da dukan ƙarfinsa, har kowane kai ya fito da zane kamar zobe.

Mutari ya juya ɗaya a tafin hannunsa, ya ce, "Yaya, wannan zoben fa? Na da ba su da shi. Ko dai a sake dubawa?"

Tanimu ya hasala. "Ni za ka koya wa aikin harsashi? Ina harbi tun kana goye! Wannan hatimina ne, don a san aikin wa ne. In ba ka so, ajiye mini kayana."

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ya sani. Hannunsa ya ji yadda ƙarfen ya yi gardama. Abin da ke ƙona rai ke nan: ya ga alama ƙiri-ƙiri, ya raɗa mata sunan ado don kada ƙani ya gyara masa. Mutari kuwa, don kunyar babba, ya kwashe harsasan ya tafi.

Ranar Juma'a da la'asar karnukan suka afka wa saniyar. Mutari ya ɗaga bindiga ya harba, sai ta tarwatse a hannunsa, ta tafi da yatsunsa uku. Saniyar ta tsinke igiya ta nausa daji, karnukan na biye. Washegari ƙahoni da fata aka tarar.

Matar Mutari, Ramatou, ta taka har Maourey da ƙwaryar tatsa. Ta dire ta gaban Tanimu cikin abokan hirarsa, ta ce, "Yaya, yaran ƙaninka ba su karya ba. Ga ƙwarya, ka tatso musu hatimin naka su sha."



Darasin shi ne, alamar da ta fito a jikin aiki gargaɗi ce, a tsaya a nemi dalilinta. Cewa "na yi kuskure, bari in sake" ba ya rage wa babba girma. Wanda ya lulluɓe aibinsa don gudun kunya, sau da yawa wanda ya amince da shi ne zai ɗauki raunin.