Rawar Sham'unu Mai Turare a Gaban Dokin Waziri

Masu adana labaran mutanen da sun ruwaito cewa a birnin Zarkand an yi wani sarki ana ce masa Mundiru, mai son bincike ne da saurin fushi. A gabashin birnin akwai unguwar Yahudawa, kuma suna da wata al'ada. Littafinsu rubutacce ne a kan fata, naɗe a jikin sanduna biyu. Kowace Asabar sukan karanta kashi guda, har shekara ta zagayo su kai ƙarshe. Ranar saukar sai su warware shi su koma farko nan take, su ɗauke shi su fita titi suna rawa da waƙa.

Wata shekara aka ba wani attajirin turare, Sham'unu ɗan Nasim, girman ɗaukar littafin. Dattijo ne mai shekara sittin da biyar, ga ƙiba, amma ranar nan tsalle yake yi kamar ɗan maraƙi. Matarsa Mazalu tana leƙowa ta taga tana ce masa ya tuna da gwiwarsa, ba ita za ta kwana tana gasa masa ba. Bai ji ba. Ya juya, ya sake juyawa, idonsa a rufe, sai ya yi karo da dokin Waziri Kahlan da ke wucewa. Doki ya zabura, rawanin Waziri ya faɗi cikin kwata. Kafin Sham'unu ya gama buɗe ido dogarai sun riƙe shi, shi da littafin, sai fada.

Waziri ya faɗi gaban sarki da kai babu rawani, ya ce waɗannan mutane sun fi shekara dubu suna karanta littafi ɗaya, kullum suka gama sai su koma farko. Ko dai daƙiƙai ne da ba sa riƙe karatu, ko kuwa wani ƙulli suke yi da sunan ibada. Ya roƙi a kulle littafin a taskar sarki, a hana bikin.

Sarki ya dubi dattijon da ke haki, gumi na zuba daga gemunsa, ya ce, "Kai mai turare, ni idan na ji labari sau biyu korar mai ba da shi nake yi. Me kuke nema a littafin da kuka riga kuka san ƙarshensa, har kuke masa rawa? In ka gamsar da ni, ka koma da shi gida. In ba haka ba, yau ce rabuwarku da shi."

Sham'unu dai ba malami ba ne, kuma ya san duk unguwa na tsaye a ƙofar fada. Ya ƙanƙame littafin, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ba ni da hujjar malamai. Sai dai in ba da labarin abin da kashi ɗaya ya yi mini."

Sarki ya ba shi izini. Sham'unu ya ce a cikin littafin akwai ƙissar 'yan'uwa da suka jefa ƙanensu a rijiya saboda uba ya fi sonsa, daga baya suka sayar da shi ga wani ayari. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya fara jin ta da kunnen basira. A lokacin yayyensa sun taɓa barinsa a wani zango da gangan, ya wuni yana bin sawun raƙuma yana kuka. Da aka karanta ƙissar sai ya ce ai shi ne na cikin rijiyar, ya rantse sai sun durƙusa masa wata rana.

Yana shekara arba'in aka zaɓi ƙanensa Hananya ya riƙa jan karatu a majami'a, saboda daɗin muryarsa. Hassada ta ci Sham'unu, ya yi ta yi da shi a kasuwa har Hananya ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Da Asabar ɗin ƙissar ta zo, ya zauna yana jiran ya ji tausayin kansa kamar yadda ya saba. Sai ya ga kansa a bakin rijiya, a tsaye, cikin masu turawa. Wata uku ya yi a kan raƙumi kafin ya iske Hananya, kuma shi ne ya durƙusa.

Sarki ya gyara zama, ya ce ya ci gaba. Sham'unu ya ce yana da shekara hamsin da biyar ya damƙa wa autansa mabuɗin ɗakin turare a gaban sauran 'ya'yansa, gida ya rikice. A waccan shekarar ya ga kansa a matsayin uban cikin ƙissar, wanda ya kunna wutar da hannunsa, yana tsammanin ƙauna ce.

Waziri ya katse shi, ya ce wannan ai tsufa ne kawai, kuma mutanen ƙissar sun ƙare: ƙane, yayye, uba. Sauran shekarun fa, rawar me ake yi?

Sarki ya ce, "Waziri ya yi tambaya. Bana wa ka gani?"

Idon Sham'unu ya kawo ruwa, amma fuskarsa tana dariya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yan ayarin! Fataken turare ne fa, irina. Suka sayi mutum yana kuka, babu wanda ya tambaye shi ina gidansu. Shekara hamsin ina jin ƙissar nan, ban taɓa ganinsu ba sai bana."

Ya ce da ya koma gida ya kira Marjan, bawansa mai kula da raƙuma, wanda ya saya shekara ashirin da suka wuce, ya tambaye shi sunan garinsu. Marjan ya faɗi sunan garin, da sunan uwarsa, da irin itacen da ke ƙofar gidansu. Sham'unu ya 'yanta shi, ya ba shi raƙuma biyu, kuma watan jiya saƙo ya zo cewa Marjan ya tarar da tsohuwar da rai.

Sarki ya tambayi Sham'unu wa zai gani baɗi. Sham'unu ya ce wallahi bai sani ba, kuma ɗokin sanin ne ya hana ƙafarsa zama a ƙasa.

Sarki ya tuntsire da dariya, ya miƙe tsaye. Ya ce a mayar wa mai turare littafinsa, a yafa masa alkyabba, a raka shi da tambura har unguwarsu, kuma daga ranar duk mai doki ya bi wata hanya idan ana bikin. Da labari ya kai ƙofar fada, guɗa ta tashi, aka ɗaga dattijon sama da littafinsa, aka ɗora rawa daga inda ta tsaya.

Masu ruwaya suka ce abin lura a nan shi ne, wanda ya koma ga nassi ya ga kansa a matsayin da ya gani bara, shekararsa ba ta ƙara masa komai ba. Allah ya sa mu riƙa ganin namu laifin tun muna da ƙarfin gyarawa.